Tilawar Ma'abota Lissafi

Wannan bayani ne a kan wata ƙa'ida da ke wuyan masu sana'ar lissafin dukiya, watau waɗanda ake kira akantoci. Galibin mutanen kasuwa ba su san da ita ba, alhali kuwa aljihunsu take tsaro. Ƙa'idar ita ce, duk wanda aka ba shi shaidar gwaninta da iznin sa hannu a kan lissafin dukiyar jama'a, ba a yarda ya kishingiɗa a kan karatun da ya yi tun yana saurayi ba. Tilas ne kowace shekara ya koma ya zauna gaban waɗanda suka fi shi sanin abin da ya sake, a ƙidaya masa awoyin da ya yi, a rubuta. In ya ƙi, izninsa yana cikin haɗari.

Wataƙila mai karatu ya ce, ina ruwan mutumin Talata Mafara, ko na Bakura, ko na Maradun da wannan? Ai magana ce ta ma'aikatan Ikko da Abuja masu ɗaure wuya. To, ya yi haƙuri ya duba. Garuruwan nan uku ruwa ɗaya suke sha, watau na madatsar Bakolori da aka gama ginawa a kan gulbin Sakkwato a 1978, wadda hanyoyin ruwanta suka ratsa gonakinsu. Shinkafar da ake nomawa a can kasuwar Mafara take faɗawa ran Talata, daga nan motoci su ɗebe ta su nufi Gusau da Sakkwato da gaba. Kowane gari cikinsu yana da baitulmalin ƙaramar hukuma da ma'ajinsa. A Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha, a Bakura akwai kwalejin aikin gona, kowace da ofishin kuɗinta. Ga 'yan kwangila, ga attajiran da suka yi wa kasuwancinsu rajista, ga ƙungiyoyin manoma masu neman rance. Babu ɗaya cikin waɗannan da dukiyarsa ba ta bi ta ƙarƙashin alƙalamin wani akanta. In alƙalamin nan ya tsufa bai sani ba, mai dukiya shi zai biya.

Malaman Alƙur'ani ba za su sha wuyar gane hikimar abin ba. Mahaddaci, kome ƙarfin haddarsa, in ya bar tilawa shekara guda sai ya ji ta fara zubewa, shi ya sa gwanaye ba su raina zaman darasu ko da gemu ya yi fari. Amma tsakanin mahaddaci da akanta akwai wani bambanci mai girma. Abin da mahaddaci ke tilawarsa tabbatacce ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, aikinsa kawai ya riƙe. Shi kuwa akanta, littafin da yake hukunci da shi dokokin Gwamnati ne da ƙa'idodin sana'a, su kuma ba su kwana biyu ba a taɓa su ba. Saboda haka halinsa ya fi kama da na mai ba da fatawa wanda tilas ya san nasihi da mansuhi. Wanda ya haddace hukuncin da aka shafe, bai ji labarin wanda ya shafe shi ba, zai ba da amsa da ƙarfin zuciya, da kyakkyawar niyya, ya kuma kai mutane rami. Irin wannan ya fi wanda bai san kome ba haɗari, gama shi jahili ba a tambayarsa, wannan kuwa takardar shaidarsa na rataye a bango.

Sauyin ma'aunin lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanni da wuri suka yi ciniki, keso guda wuri dubu ashirin. Turawa suka zo da fam da sule da kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Aka kafa baitulmali a masarautu, ma'aji da akawunansa suka koyi rubuta kuɗin haraji da jangali a layi uku, na fam daban, na sule daban, na kwabo daban. A zamanin nan ƙasar Mafara da Bakura da Maradun duk ƙarƙashin En'e ta Sakkwato suke, can ake kai lissafi. Tun lokacin ma an gane karatu ɗaya ba ya isa, domin akan ɗebi ma'aikatan baitulmali a tura su kos a makarantar koyon sha'anin mulki da ke Kongo a Zariya, su yi 'yan watanni su komo bakin aiki. Sa'an nan ran 1 ga Janairu 1973 aka wayi gari an kawo naira da kwabo sabo: fam guda ya zama naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Ma'ajin da ya yi shekara ashirin yana raba lissafi da goma sha biyu, rana ɗaya aka ce ya riƙa rabawa da goma. Har yau kuwa in tsohon ɗan kasuwa ya ce jaka guda, naira 200 yake nufi, domin asalinta fam ɗari ce. Baki ya riƙe tsohon suna, amma littafi tilas ya bi sabon ma'auni.

Ita sana'ar akanta mai rajista, da Turawa ta shigo. Ɗan ƙasar nan na farko da ya ci jarrabawarta a Ingila shi ne Akintola Williams, a 1949. Ya buɗe ofishinsa a Ikko a 1952, ya yi tsawon rai har ya rasu a 2023 yana da shekara 104. A 1965 Majalisa ta yi dokar da ta kafa ƙungiyar ƙwararrun akantoci wadda aka fi sani da ICAN, shi ne kuwa shugabanta na farko, membobinta a ranar ba su wuce 250 ba. Daga baya wata ƙungiya ta taso, ANAN, wadda aka kafa a 1979, ta daɗe tana fafutuka kafin Gwamnatin soja ta ba ta doka a 1993. Tana da kwalejinta kusa da Jos, ma'aikatan kuɗi na Gwamnati da yawa a Arewa ta nan suka bi. Mai karatu zai riƙa ganin wasu haruffa a bayan sunan mutum: ACA ko FCA alamar ICAN ce, CNA ko FCNA alamar ANAN.

A nan akwai wani abu da ya kamata a rarrabe, domin mutane na cuɗa shi. Wanda ya gama difloma ko digiri a fannin lissafin kuɗi ya yi karatu, ba shakka, yana kuma iya riƙe littattafan ofis ko na kanti. Amma wannan bai sa ya zama memba na ƙungiya ba sai ya ci jarrabawarta, ya yi shekarun koyon aiki a hannun na gaba da shi. Memban ma, ba ya buɗe ofis ya riƙa binciken littattafan kamfanoni yana buga hatimi sai ya karɓi wani lasin na daban, wanda ake sabuntawa lokaci lokaci. Kowace ƙungiya tana da kotun ladabtarwa mai ikon dakatar da mutum ko goge sunansa daga rajista. Kamar dai bambancin ɗalibin da ya sauke littafi ne da wanda malami ya ba shi ijaza ya ce je ka karantar. Sai dai wannan ijazar tana da wa'adi.

To, yaya ƙa'idar take? Ƙungiyoyin akantoci na duniya suna da uwar ƙungiya, IFAC, wadda aka kafa a birnin Munich na Jamus a 1977, ICAN na cikin waɗanda suka kafa ta. Ita ce ta fid da mizanin da ya fara aiki a 2006, wanda ya ce ƙungiyar da ke auna ƙarin ilmi da awoyi ta nemi kowane memba ya cika awa 120 cikin kowace shekara uku. Rabinsu, watau awa 60, tilas ya zama akwai shaidar da za a iya dubawa, kada kuma wata shekara ta wuce bai yi aƙalla awa 20 ba. In an raba, awa 40 ke nan a shekara, kimanin mako guda na aikin ofis. ICAN ta riga ta wajabta wa membobinta irin wannan karatu tun cikin shekarun 1990, ANAN ma tana da nata taron bita na wajibi da take kewayawa da shi shiyya shiyya kowace shekara. Hanyoyin samun awoyin suna da dama: halartar bita, zuwa babban taron shekara, gabatar da lacca, rubuta maƙala, ko bin darasi ta intanet. Duk wanda ya zo neman sabunta lasin, ko neman a ɗaga shi zuwa babban matsayi a ƙungiya, sai an buɗe littafinsa an ga awoyinsa.

Ba don jin daɗi aka tsananta ba. A 2001 wani ƙaton kamfani a Amurka mai suna Enron ya rushe, bayan an shekara da shekaru ana nuna riba a takarda alhali bashi ya cinye shi. Kamfanin da ke binciken littattafansa, Arthur Andersen, yana cikin manya biyar na duniya, shi ma bai kai ƙarshen 2002 yana wannan aiki ba. Ma'aikata dubbai suka rasa abin da suka tara don tsufa. A nan gida kuma, a watan Agusta 2009 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, bankunan da ba da daɗewa ba suka buga lissafi mai kyan gani da sa hannun masu bincike. Waɗannan al'amura sun nuna abu biyu. Na farko, dabarun ɓoye hasara suna sabuntuwa, mai bincike in bai sabunta idonsa ba za a wuce da kaya ta gabansa. Na biyu, sani kaɗai bai isa ba in babu amana, shi ya sa darasin ladubban sana'a ya zama jigo a cikin bitar. Bayan wannan ne aka yi dokar 2011 da ta kafa hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, FRC, wadda ta sa duk mai sa hannu a lissafin manyan kamfanoni da hukumomi ya rubuta lambar rajistarsa a gefen sunansa, don in abu ya ɓaci a san wuyan da za a kama.

Yanzu sai a dubi abin da ya sake a 'yan shekarun nan, domin a nan ne maganar ta shafi ɗan kasuwa kai tsaye. A ɗauka wani ya ci jarrabawarsa a 2010, ya komo gida ya rataye takarda, bai sake buɗe littafi ba. Shi a saninsa harajin kayayyaki, wanda ake kira VAT, kashi 5 ne cikin ɗari. Amma tun ran 1 ga Fabrairu 2020 ya koma kashi 7 da rabi. A misali, attajiri ya sami kwangilar kai siminti na naira miliyan goma. Mai tsohon sani zai ɗora masa naira 500,000, alhali abin da hukuma ke nema naira 750,000 ne. Giɓin naira 250,000 daga ribar attajirin zai fita, in ma an yi jinkiri a ƙara masa da tara. Sau da yawa ribar kwangilar duka ba ta fi haka da yawa ba.

Ba kullum ne sauyin ke zuwa da nauyi ba, wani lokaci sauƙi yake kawowa, sai rashin sani ya hana mutum cin moriyarsa. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke harajin riba daga kan ƙananan kamfanonin da cinikinsu na shekara bai kai naira miliyan 25 ba, da sharaɗin su riƙa kai bayanin lissafinsu a kan kari. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa kamfani ba sai ya nemo abokin tarayya ba, ta kuma sauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin ɗaukar mai bincike kowace shekara. Mai tsohon sani zai sa ɗan kasuwa ya jawo sunan ƙanensa ko na ɗansa ya cusa a takarda don a cika mutum biyu, abin da kan zama fitina ranar rabon gado. Zai kuma sa shi biyan abin da doka ta riga ta yafe masa. Sa'an nan a watan Yuni 2025 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka sa ran 1 ga Janairu 2026 ta zama ranar fara aiki da manyansu. Sun haɗe tsofaffin dokoki da yawa wuri guda, sun sake wa hukumar tara haraji ta tarayya suna, sun ɗauke haraji daga kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, sun kuma sake iyakar abin da ake kira ƙaramin kamfani. Watau ko wanda ya sha bitar dokar 2019 har ya ƙoshi, yanzu wani sashe na abin da ya koya ya shiga sahun mansuhi.

Ma'aikatan baitulmalin ƙananan hukumomi su ma ba su tsira ba, nasu ma ya fi wuya. Da can ƙa'idar lissafin Gwamnati mai sauƙi ce: ba a rubuta kome sai ranar da kuɗi suka shigo hannu ko suka fita. Kowane ɗan kasuwa ya san aibin wannan. Wanda ya ƙirga abin da ke cikin akwati kaɗai, ya manta da kayan da ya ɗauko bashi a Kantin Kwari, ya manta da waɗanda yake bi, bai san ko shi mai arziki ne ko matsiyaci ba. Saboda haka aka tsai da shawara Gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi su koma bin mizanin duniya da ake kira IPSAS, aka sa 2016 ta zama shekarar fara rubuta bashi tun ranar da ya hau, da kuma ƙididdige kadarori. Ma'anarsa ita ce ma'ajin Bakura ko na Maradun ya san adadin azuzuwa da asibitoci da rijiyoyin burtsatse da motocin hukumarsa, ya san darajar kowane, ya san nawa yake ragewa kowace shekara saboda tsufa, ya kuma rubuta haƙƙin 'yan fansho da na 'yan kwangila da ba a biya ba. Wanda ya koyi aiki a kan tsohon tsari bai taɓa yin ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na ran 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye maimakon ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Aiwatar da shi ya zo da jan ƙafa, amma duk ranar da ya tabbata sosai, nauyin da ke kan babban ofishin Gusau zai sauko kan teburin ma'aji a Mafara da Bakura da Maradun. Kafaɗar da za ta ɗauka kuwa tun yanzu ake gina ta.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin abin da rikicin lissafi ke haifarwa. Tarzomar Bakolori ta watan Afrilu 1980, wadda aka rasa rayukan manoma da yawa a cikinta, tushenta maganar diyya ce: gonar wa aka ɗauka, nawa aka ƙiyasta ta, wa aka biya, wa aka bari. Shekaru da yawa bayan haka, da Bankin Duniya ya amince da shirin gyaran manyan madatsun Arewa a 2014, Bakolori na ciki, aka ɗora wa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa wani sashe na tattara kuɗin ruwa da kula da ƙananan hanyoyinsa. Kuɗin jama'a ne a hannun 'yan'uwansu. Abin da zai hana zargi ya shiga tsakani shi ne littafi tsabtatacce da mai dubawa wanda ya san aikinsa.

Akwai wani fanni kuma da malamai za su fi jin daɗinsa. Sun san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da sharaɗin marubuci ya rubuta da adalci. Sun kuma san nisabin zakkar kuɗi miskali ashirin ne na zinariya, wannan ba ya sakewa, amma ƙimarsa da naira tana hawa da sauka, shi ya sa hukumomin zakka irin ta Jihar Zamfara suke sanar da sabon adadi a kai a kai. Malamin da ya tsaya a kan adadin shekara biyar da suka wuce zai ɗora zakka a kan wanda ba ta hau kansa ba. Wannan shi ne ainihin ciwon akanta, ba ƙari ba ragi. Bayan haka, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Gwamnatin tarayya kuma ta fid da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017, mu'amalar murabaha da mudaraba da ijara ta fito daga cikin littattafan fiƙihu ta shiga littattafan banki. Rubuta ribar murabaha ba daidai yake da rubuta kuɗin ruwa ba. Akwai ma wata hukuma a Bahrain mai suna AAOIFI da ke tsara ƙa'idodin wannan lissafi. Akantan da ya yi karatu kafin zuwan waɗannan, in ba bita ya je ba, sai ya zuba su duka a ma'auni ɗaya. A wannan fage malamin zaure yana da abin da zai koya wa mai hatimi, mai hatimi ma yana da abin da zai koya wa malami, ga shi kuwa ba safai suke zama tabarma ɗaya ba.

Duk da wannan fa'ida, ƙarya ne a ce tsarin ba shi da aibi. Na farko shi ne tsada. Bita ba kyauta ba ce: ga kuɗin rajista, ga na mota, ga na masauki, ga kuɗin ƙungiya na shekara. Ma'aikacin banki a Ikko, wurin aikinsa ke biya masa, zauren taron ma yana bayan ofishinsa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma kuwa sau da yawa daga albashinsa zai cire, ya kama hanyar Sakkwato ko Kaduna ko Kano ko Abuja. Hanyar ma ba ta kwanciyar rai ba ce, domin kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa wannan yanki a ciki, har mutum kan yi lissafin sa'ar fita da ta isa kafin ya yi lissafin kuɗin mota. Awa 40 ɗin da aka yanka wa kowa daidai, nauyinsu ba daidai ba ne a kan kowa.

Annobar korona ta 2020 ta kawo wani sauƙi ba da niyya ba, domin ƙungiyoyin sun mai da darussa da yawa kan intanet, mutum na iya zama a ɗakinsa ya bi lacca ta waya ko kwamfuta. Amma wannan ma sai da wuta da layi mai ƙarfi. A farkon Satumba 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda sha'anin tsaro, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Gusau ce ta fara samun layi, sauran ƙananan hukumomi suka ƙara makonni suna jira. A wannan tsakani, ba bita ba, ko aika bayanin haraji ta intanet ba ya yiwuwa sai mutum ya fita jihar. Mai tsara ƙa'ida a babban birni ba ya tuna irin wannan, sai an tuna masa.

Aibi na biyu ya fi na farko muni, shi kuwa daga masu zuwa bitar yake. Ƙidayar awa tana auna zaman mutum a kujera, ba ta auna abin da ya shiga kansa. Ba a rasa wanda zai zo da safe ya sa hannu a rajista, ya karɓi jaka da alƙalami, ya fita sha'aninsa, ya komo da la'asar karɓar takardar shaida. Ta intanet ma sai a kunna waya a ajiye ta a kan tabarma a tafi. Awoyi sun cika, kai kuwa yana nan yadda yake. Almajirin da ya kwana rungume da allo bai duba ba, ba a ce ya yi karatun dare. Masu tsara mizanin duniya sun lura da haka, shi ya sa gyaran da ya fara aiki a 2020 ya ƙara karkata wajen tambayar me mutum ya koya, ina kuma ya yi aiki da shi. Wannan shi ne daidai, ko da yake auna shi ya fi ƙidayar awa wuya nesa ba kusa ba. Akwai kuma ƙorafin cewa darussan sukan fi karkata wajen bukatun manyan kamfanoni, alhali wanda zai komo Maradun abin da ke gabansa lissafin ƙungiyar manoma ne, da na mai injin casar shinkafa, da na baitulmali.

Maganin nisa dai ba ɓoyayye ba ne. Zaurukan lacca suna nan a Mafara, a kwalejin Abdu Gusau da jami'ar jiha, malaman lissafi suna nan. Da ƙungiyoyin za su riƙa amincewa da bitar da aka shirya a irin waɗannan wurare su ƙidaya ta cikin awoyi, da mutumin Bakura ya zo da safe ya kwana a gidansa. Da kuma za a keɓe yini guda a buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, a yi musu bayanin sabuwar dokar haraji da Hausa, da an rage yawan waɗanda ake tsoratarwa da takardar da ba su iya karantawa ba. Shugabannin ƙananan hukumomi ma, kuɗin tura ma'aji da mataimakansa bita bai kai na taya huɗu na motar ofis ba.

Shi kuwa ɗan kasuwa, yana da haƙƙin tambaya, ba kuwa rashin kunya ba ne. Wanda zai ba da 'yarsa yakan binciki asali, wanda zai sayi sa yakan buɗe bakinsa ya ga haƙora. In mutum ya zo ya ce shi akanta ne zai shirya takardun banki ko na haraji ko na neman kwangila, sai a tambaye shi wace ƙungiya yake, mece ce lambarsa, lasin nasa na wace shekara ne. Ƙungiyoyin biyu suna riƙe da rajistar membobinsu, ana iya bincikawa. In lissafin da aka bincika ne, a duba hatimi da ɗan kan sarkin ƙungiya da ake mannawa a jikin rahoton. Akwai masu yawo da hatimin aro, su buga wa mutum lissafin da ba su taɓa ganin littafinsa ba, ranar da hukuma ta gano kuwa sunan mai kamfani ne a saman takardar. Sa'an nan a yi masa tambaya ɗaya mai sauƙi wadda ba ta bukatar boko: me ya sake a dokar haraji daga bara zuwa bana, ina kuma ya shafi irin wannan ciniki? Wanda ke zuwa bita da gaske zai gyara zama ya fara bayani, har sai an ce ya isa. Wanda ya ce ai duk ɗaya ne, yadda aka saba haka za a yi, to, mai dukiya ya naɗe takardunsa ya ce sai wata Talatar.